Tambaya da Amsa: Ƙaton Jirgin Katakon da Ya Tashi Sau Ɗaya Tak

Assalamu alaikum Malam. Wani abokina ya turo mini bidiyo a waya, na wani ƙaton jirgin sama mai injuna takwas yana gudu a kan ruwa, ya ɗan ɗaga sama, ya sake sauka. An rubuta wai da katako aka yi shi, kuma wai Amurka ta ƙera shi ne don jigilar sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu, amma ko soja ɗaya bai taɓa ɗauka ba. Shi ya ce gaskiya ne, ni na ce haɗin kwamfuta ne. Don Allah a raba mana gardama.
*Daga wani makanikin mota*

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, sai dai ka yi haƙuri, wannan karon abokinka ya kayar da kai. Jirgin gaske ne, sunansa H-4 Hercules, kuma hoton da ka gani an ɗauke shi ne ranar 2 ga Nuwamba 1947 a gaɓar ruwan Long Beach da ke jihar Kalifoniya. Ban ga laifinka ba. Ni ma ranar da na fara ganin hotonsa, da mutane tsaye a kan fiffikensa kamar tururuwa a kan tabarma, sai da na ƙura ido na sake dubawa.

Asalin maganar tana cikin teku ne, ba a sama ba. A 1942 jiragen yaƙin Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa sun addabi Tekun Atalantika. A wannan shekara kaɗai sun nutsar da jiragen ruwa fiye da 1,000 na Amurka da Birtaniya da ƙawayensu. A ƙera tankar yaƙi a Amurka, a loda ta, a kama hanyar Ingila, sai ta ƙare a ƙasan teku tare da matuƙan jirgin. Sai wani attajiri mai suna Henry Kaiser, wanda sana'arsa ita ce ƙera jiragen ruwa na dakon kaya, ya kawo shawara: tunda maƙiyi yana cikin ruwa, a bi ta samansa mana. A yi jirgin dakon kaya mai fiffike.

Kaiser mutum ne mai ɗan karen sauri. A ma'aikatarsa ta Richmond aka taɓa haɗa jirgin ruwa sukutum cikin ƙasa da kwana biyar, a watan Nuwamba 1942. Amma bai san kan jirgin sama ba, don haka ya nemi Howard Hughes, attajiri, matuƙin jirgi, mai shirya finafinai, wanda a 1938 ya zagaye duniya a jirgin sama cikin ƙasa da kwana huɗu. Gwamnati ta ba su kwangilar dala miliyan 18 su yi jirage uku cikin shekara biyu, da sharaɗin kada su taɓa alminiyam, don an keɓe shi ga jiragen yaƙi. Da farko HK-1 aka sa wa jirgin, wato harafin farko na sunan kowannensu.

A ganina tun daga wannan haɗin aka samu matsala. An haɗa mai gaggawa da mai ƙaƙale. Kaiser yana so a gama jiya. Hughes kuwa irin mutanen nan ne da za a kawo musu zane an gama, su ce a sake, a sake ɗin kuma su ce na farkon ya fi. Ya kan yi ɓatan dabo na kwanaki, injiniyoyi na zaune suna jiran sa hannunsa. A 1944 Kaiser ya gaji ya cire hannunsa, aka rage kwangilar daga jirage uku zuwa ɗaya, harafin K ya fita daga sunan, ya koma H-4.

Girman nasa kuwa, ga shi. Daga ƙarshen wannan fiffike zuwa wancan ya haura mita 97, saura ƙiris ya cika tsawon filin ƙwallo. Tsawon gangar jikinsa ya kusa mita 67. Daga ƙasa zuwa ƙololuwar wutsiya mita 24, kamar bene mai hawa takwas. Tunda kai makanike ne, bari in ba ka abin da zai fi burge ka: kowane inji daga cikin takwas ɗin, ƙirar Pratt & Whitney R-4360, silinda 28 gare shi, kowace silinda da fulogi biyu. Ka lissafa, fulogi 448 ke nan a jirgi ɗaya. Ka yi tunanin ranar da za a ce maka a sauya su duka. Kowane inji ƙarfin doki 3,000, kowace farfela faɗinta ya wuce mita 5. Kaurin fiffiken a inda ya haɗu da jiki ya isa mutum ya shiga ciki yana tafiya a tsaye, ya je ya duba bayan injunan. An tsara shi ya ɗauki sojoji 750 da kayansu.

Bai ɗauki ko ɗaya ba, kamar yadda aka rubuta a bidiyon. Yaƙi ya ƙare a 1945 jirgin yana nan gunduwa-gunduwa a ma'aikata. Sai a watan Yuni 1946 aka kwashe sassansa a kan manyan motoci, aka bi titi da su a hankali daga Culver City zuwa bakin ruwa, ana ɗage wayoyin lantarki da na tarho don su samu hanya, jama'a sun yi dafifi a gefen titi suna kallo. Akwai hoton wannan rana da nake so ƙwarai: fiffike guda, shi kaɗai, ya cika titi, gidajen da ke gefensa sun koma kamar akurki.

Amma abin da nake so ka riƙe shi ne, tun kafin yaƙin ya ƙare jirgin ya riga ya rasa dalilinsa. A watan Mayu 1943 Jamus ta yi asarar jiragenta na ƙarƙashin ruwa fiye da 40 cikin wata guda, har kwamandansu Karl Dönitz ya janye su daga arewacin Atalantika. Na'urar hango abokan gaba, da jiragen sama masu dogon zango, da jiragen rakiya, da karya lambobin sirrin Jamus, su suka yi wannan aiki. Teku ta buɗe. Jiragen ruwan dakon kaya samfurin Liberty, waɗanda shi kansa Kaiser yana cikin manyan masu ƙera su, an yi guda 2,710, kowanne yana ɗaukar tan dubu goma. Jirgin Hughes tan 68 aka tsara masa. Daga 1943 zuwa gaba, duk gam ɗin da aka shafa a jikinsa ihu ne bayan hari.

Malam, ni kafinta ne, shekarata arba'in ina wannan sana'a. Jikana ya karanta mini labarin wani jirgin sama na katako da aka yi a Amurka lokacin yaƙi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wane irin katako ne, kuma da me aka haɗa shi? Na san katako yana kumbura in ya sha ruwa, yana tsagewa in ya sha rana. Ta yaya za a ɗora shi a kan teku?
*Daga wani dattijo kafinta*

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tambayarka ta fi ta kowa daɗi a wurina, don ita ce irin tambayar da injiniyoyin suka kwana a kanta.

'Yan jarida sun yi wa jirgin laƙabi da Spruce Goose, wato kamar a ce Dinyar Katako, suna danganta shi da wani icce da ake kira spruce. Hughes ya tsani wannan suna har ya mutu, kuma sunan ma bai dace ba, don mafi yawan jikin jirgin da wani icce daban aka yi shi, wanda ake kira birch, fari mai tauri, na ƙasashen sanyi.

Ba falanki aka jera aka buga wa ƙusa ba, irin yadda ake yin kwalekwale. Feraye iccen ake yi siriri-siriri kamar takarda mai kauri. A shimfiɗa ɗaya, a shafa gam, a ɗora wani a kai amma a gicciye, jijiyar wannan ta kalli gabas, ta wancan ta kalli arewa. Haka za a yi ta ninkawa. Kai ka fi ni sanin cewa katako ta jijiyarsa yake tsagewa. To in jijiyoyin suka saɓa wa juna, kowane ninki sai ya riƙe ɗan'uwansa, ba wanda zai samu damar buɗewa. Daga nan a sa shi a cikin wani mazubi mai siffar da ake so, a matse shi da ƙarfi, a ba shi zafi har gam ɗin ya dafu. Gam ɗin ba irin na fata ko na ƙashi ba ne da ruwa ke narkarwa. Na sinadari ne, in ya ƙame shi ke nan. Wannan dabara sunanta Duramold. Abin da ke fitowa daga mazubin yana da santsi, ba nauyi, ga ƙarfi.

Ƙusa kuwa an yi amfani da ita, da yawan gaske, amma aro aka yi. A wuraren da ba za a iya matsewa da na'ura ba, sai a bi da ƙananan ƙusoshi a danne har gam ya kama, sannan a dawo a zare su ɗaya bayan ɗaya, a cike ramukan, a goge. Ka ga aikin da zai ci lokaci. Bayan haka aka bi jikin da shafe-shafe hawa-hawa don kada ruwa ya shiga, aka rufe da fenti ruwan azurfa. Shi ya sa duk wanda ya gan shi a hoto yake rantsewa ƙarfe ne.

Wani abin dariya: an cusa ƙwallayen roba, irin waɗanda yara ke wasa da su a bakin teku, a cikin wasu sassan ƙasan jirgin, don in ya huje kada ya nutse. Jirgin miliyoyin daloli, ga injiniyoyi masu digiri, amma an koma ga ƙwallon yara. Ni dai ban raina wannan dabara ba.

Zargin da kake yi wa katako yana da tushe, Baba, don damshi da zafi su ne abokan gabarsa, kuma shi ya sa daga baya aka ajiye jirgin a rumfar da ake daidaita sanyinta da laimarta dare da rana. Sai dai ba na yarda da masu cewa katako ne ya kashe shi. A wannan yaƙin dai Ingila ta yi jirgin yaƙi na katako mai suna Mosquito, ta ƙera fiye da 7,700, kuma yana cikin mafiya gudu a zamaninsa. Masu yin kujeru da kabad da akwatin fiyano, 'yan'uwanka kafintoci, su suka yi sassansa da yawa. Bambancin shi ne Mosquito ƙarami ne, kuma ya fara tashi tun 1940, lokacin da ake tsananin buƙatarsa.

Malam, malaminmu ya ce jirgin Howard Hughes bai yi tashin gaske ba, tsalle kawai ya yi. Amma na karanta cewa ya tashi, har ya kunyata masu sukarsa. Wanne ne daidai?
*Daga wata ɗalibar injiniya*

'Yata, duka biyun suna da ƙamshin gaskiya, amma na fi karkata ga malaminku.

Ki fara sanin halin da Hughes yake ciki a lokacin. A watan Yuli 1946 ya faɗo da wani jirgin gwaji na daban, XF-11, a unguwar Beverly Hills, ya kakkarye, ya ƙone, da ƙyar ya sha. A watan Agusta 1947 kuma kwamitin Majalisar Dattawan Amurka mai binciken kwangilolin yaƙi ya kira shi ya yi bayanin inda kuɗin gwamnati suka shiga, tunda ga yaƙi ya wuce, ba jirgi. Shugaban kwamitin Sanata Owen Brewster ne na jihar Maine. Hughes bai je da sanyin jiki ba. Ya juya zancen, ya zargi sanatan da cewa yaron kamfanin jiragen sama na Pan Am ne, kuma wai ya taɓa yi masa tayin janye binciken in ya yarda a haɗe nasa kamfanin jiragen saman, TWA, da Pan Am. Brewster ya musanta. A wannan zama ne Hughes ya ce ya zuba gumin rayuwarsa a jirgin nan, kuma in ya gaza, mai yiwuwa ya bar ƙasar ba zai sake dawowa ba.

Mutumin da ya faɗi haka a gaban duniya, kin san ba zai zauna ba. Ranar 2 ga Nuwamba aka sanar cewa za a gwada gudun jirgin a kan ruwa ne kawai. Hughes da kansa ya zauna a kujerar matuƙi, da hularsa malafa a ka. Aka yi zagaye na farko, aka yi na biyu, wasu 'yan jaridar da ke ciki suka sauka don su riga kowa aika labari. Kaico! A zagaye na uku sai ya ɗaga. Ya yi sama da kimanin mita 21, ya yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi da 'yan kai, cikin daƙiƙa 26, ya sauka lafiya. Wani ɗan jaridar rediyo da ya yi haƙuri ya zauna, shi ya kwashi garaɓasa, don na'urarsa tana naɗa lokacin da abin ya faru.

To ga inda maganar malaminku ta shigo. In jirgi yana tafiya dab da ƙasa ko ruwa, a tsayin da bai kai faɗin fukafukansa ba, iskar da ke ƙarƙashinsa ba ta samun wurin tserewa. Guguwar nan da ke murɗawa a bakin fiffike tana ja da jirgi baya sai ta ragu, jirgin ya samu sauƙin ɗagawa kamar an sa masa matashi. Ki lura da manyan tsuntsayen teku, yadda suke shafa ruwa suna tafiya ba tare da kaɗa fiffike ba; wannan arahar suke ci. Yanzu ki auna: fiffike mita 97, tsayin tashi mita 21. Ko kwata bai cika ba. Jirgin bai fita daga kan matashin nan ba ko na daƙiƙa ɗaya. Kuma ba sojoji 750 a ciki, ba tanka, mutum talatin da 'yan kai ne kawai. Bai karya kwana a sama ba, bai haura gajimare ba, bai gamu da iska mai ƙarfi ba.

Saboda haka abin da aka tabbatar a ranar shi ne jirgin yana iya rabuwa da ruwa, kuma na'urorin sarrafa shi suna aiki. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne, ke da kike karatun injiniya. Ba hannun ɗan Adam da zai iya motsa wutsiya mai wannan girma da igiyar ƙarfe kawai, sai da aka ƙirƙiro masa tsarin da matsin mai ke ninka ƙarfin hannun matuƙi, irin abin da manyan jirage suka dogara da shi daga baya. Amma ko zai iya ɗaukar tan 68 ya tsallaka Atalantika, wannan ba a gwada ba. A fagen siyasa kuwa Hughes ya ci riba: binciken ya yi sanyi, shi kuma bai bar ƙasar ba.

Shin wannan ne kaɗai jirgin jigilar soja da aka fara lokacin yaƙin aka watsar?
*Daga wani mai bibiyar wannan shafi*

Ina! Shi dai ya fi suna ne. Tsoron ƙarancin alminiyam ya haifi 'ya'ya da yawa. Kamfanin Curtiss-Wright ya yi nasa na katako, C-76 Caravan. A watan Mayu 1943 ɗaya ya tarwatse a sama lokacin gwaji a jihar Kentaki, mutum uku suka mutu, zuwa Agusta aka soke kwangilar. Kamfanin Budd, masu ƙera taragon jirgin ƙasa, su kuma suka ce ga ƙarfen da ba ya tsatsa, suka yi RB-1 Conestoga. An yi odar 800, aka ƙare da kimanin 20, don ya yi nauyi, kuma kafin ya kankama alminiyam ya wadata. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Jamus ma ta ɗanɗana. A 1941 kamfanin Junkers ya yi Ju 322, ƙaton jirgin katako marar inji wanda wani jirgin ke ja, faɗin fukafukansa mita 62. Da aka zo gwada loda masa tanka, sai ta fasa daɓen. A sama kuma ya ƙi daidaita. Aka soke shi a shekarar, aka faskara waɗanda aka fara haɗawa aka yi makamashi da su.

Wanda ya yi aikin a zahiri shi ne C-47, jirgi mai inji biyu da ba ya ɗaukar ido, wanda aka ƙera fiye da 10,000. Sannan yaƙin ya sa an shimfiɗa dogayen titunan saukar jirgi ko'ina a duniya, abin da ya kashe kasuwar duk wani babban jirgi mai sauka a ruwa, na katako ne ko na ƙarfe.

Jirgin Hughes ɗin yana ina yanzu? Ko an yi itacen girki da shi?
*Daga wata uwargida*

Hajiya, yana nan daram. Hughes ya kulle shi a rumfarsa ta Long Beach, ya ɗauki ma'aikata 300 suna kula da shi kamar gobe zai tashi. A 1962 aka rage su zuwa 50, suka ci gaba har ya rasu a watan Afrilu 1976. Kusan shekara talatin ana shafa wa injuna mai, ana share ƙura, ba a bar jama'a su leƙa ba. Wannan ɓangaren labarin ya fi tsaya mini a rai fiye da tashin. Na kan yi tunanin makaniken da ya shiga aikin nan yana saurayi ya fita da furfura, bai taɓa ganin abin da yake gyarawa ya bar rumfa ba.

Bayan rasuwarsa an baje shi ga masu kallo a Long Beach, kusa da tsohon jirgin ruwan nan Queen Mary. A 1992 aka sake kwance shi, aka ɗora sassan a jirgin ruwa da motoci zuwa garin McMinnville na jihar Oregon, ya isa a watan Fabrairu 1993. Yana gidan tarihin jiragen sama na Evergreen, an jera wasu jiragen a ƙarƙashin inuwar fukafukansa. A faɗin fiffike, Airbus A380 mai kusan mita 80 bai kamo shi ba, Antonov An-225 mai mita 88 ma bai kamo shi ba. Sai a watan Afrilu 2019, bayan shekara 71, wani jirgi mai gangar jiki biyu da ake kira Stratolaunch ya tashi da fiffike mai mita 117, ya karɓe kambun.